Kibiya Ba Ado Ba Ce: Gyara Rubutun Hujjarka a Lissafi

Ƙanena mai shirin WAEC ko NECO a Kura da Bunkure, da kai da ka samu gurbi a BUK ko jami'ar Wudil: sau da yawa amsarka daidai ce, amma maki ya zube a hanya, domin alamomin da ka jera sun faɗi abin da ba ka nufa ba. Ga gyara guda shida.

1. Kibiyar ⇒ gaba kawai take yi. Ma'anarta "idan kaza, to kaza". Idan ruwan Tiga ya biyo kanal ya shiga gonarka a Kadawa, to ƙasa za ta jiƙe. Amma ganin ƙasa a jiƙe bai tabbatar an sako ruwa ba, wataƙila ruwan sama aka yi. Haka x = 3 ⇒ x² = 9 gaskiya ne, amma juyinsa ƙarya ne, don −3 ma tana ba da 9.

2. Kada ka rubuta ⇔ sai ka gwada zuwa da dawowa. 2x = 6 ⇔ x = 3 ya yi, domin kowane ɓangare yana haifar da ɗan'uwansa. In ɗaya ya ƙi, koma kan ⇒.

3. Alamar = ba ta nufin "sai kuma". Wanda ya rubuta 5 + 3 = 8 × 2 = 16 ya ce 8 daidai take da 16. Ka ba wa kowane mataki layinsa.

4. Bambance "ko" da "kuma". Daga (x − 2)(x − 5) = 0, cewa za ka yi x = 2 ko x = 5. Lamba ɗaya ba ta zama 2 kuma ta zama 5 a lokaci guda.

5. ∀ na nufin "kowane", ∃ na nufin "akwai". Misali ɗaya tak ya isa ya rushe "kowane". Wani ya ce kowace lamba in an ninka ta da kanta ƙaruwa take yi? Nuna masa 1 × 1 = 1, magana ta ƙare.

6. Tarin misalai ba hujja ba ne. Dubi n² + n + 41, wadda ake dangantawa da Euler. Daga n = 0 har 39, duk amsar da ta fito ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. A n = 40 sai ga 1681, wato 41 × 41. Misali arba'in sun amince, na gaba ya ƙi.

Gobe da safe, ɗauko tsohon aikinka guda ɗaya. Karanta shi a bayyane da Hausa, kana maye kowace alama da kalmarta: "idan", "to", "ko", "saboda haka". Duk layin da bai zama jimla mai ma'ana a bakinka ba, ja masa layi, ka sake rubuta shi kafin ka kai wa malam.