Mu Koyi Turanci: Kalmar "Depend" da 'Yan'uwanta

Kalmarmu ta yau ita ce depend, wato dogara. Sau da yawa idan ana duba takardun jarrabawa, a kanta ake ganin yara masu ƙoƙari suna zubar da maki a banza.

Asalinta daga Latin ne, inda take nufin ratayuwa a jikin wani abu. Dubi guga a bakin rijiya: igiya ce ke riƙe da shi, in ta tsinke ya tafi. To, haka mai dogara yake da abin da ya dogara a kansa. Idan aka ce "Children depend on their parents", ana nufin yara sun dogara da iyayensu wajen ci da sha da sutura.

Ka lura da ƙaramar kalmar nan on. Mu da Hausa "dogara da" muke cewa, shi ya sa ɗalibi zai ɗauko with ya liƙa, ya rubuta "depend with". Kuskure ne. Ku da kuke karatun Larabci ma abin ya zo muku da sauƙi, domin i'tamada da tawakkala duka da ala suke tafiya, ma'anarta kuwa "a kan". Ka tuna da ala, ba za ka manta da on ba. Akan sa upon a madadinta, amma ya fi yawa a rubutu.

Akwai ma'ana ta biyu, wato danganta. "The harvest depends on rain": amfanin gona ya danganta da ruwan sama. Idan Bature ya ce "It depends", cewa yake yi ya danganta.

Babbar 'yar'uwarta ita ce rely, ita ma da on take tafiya, sai dai ta fi karkata ga yarda da amana. "You can rely on her" na nufin ba za ta ba ka kunya ba. Ba a cewa "It relies" a wurin "ya danganta", nan gurbin depend ne kaɗai. Wajen rubutu kuma y kan koma i: relies, relied. Count on ita ma kusan haka take, lean on kuwa jingina ce. Daga depend aka samo independence, wato tsayuwa da ƙafarka, abin da Nijeriya ta samu ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Saura babbar matsalar, ta furuci. Hausa ba ta raba p da f, haruffan Larabci da muke ajami da su ma babu p a cikinsu. Sai yaro ya tashi cewa depend ya ce defend, alhali defend kārewa ce, kamar yadda soja ke kare gari. Ka ga an yi hannun riga ke nan. Maganinsa, ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, ka haɗe leɓɓanka sosai, sannan ka sake su da iska. In takardar ta yi tsalle, p ka faɗa. Wajen f kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Aikin gida: juya "Makaho ya dogara da sandarsa" da "Zuwana ya danganta da lafiyar Inna" zuwa Turanci, ka karanta wa wani a gida da ƙarfi, sannan ka kai wa malaminka ranar Asabar.