Bindiga da tashin hankali

A Maijirgi, gabas da Tasawa, akwai kabarin Turawa biyu, Voulet da Chanoine. Sun ƙone garuruwa da ƙarfin bindiga. A 1899, sojojinsu suka juya musu bakinta, suka kashe su.

Ɓarawo mai sanda, kururuwa tana korar shi. Mai bindiga kuwa, gari guda yake tayarwa. Bayan yaƙin Libiya na 2011, makamai sun bazu. A 2019, dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo Gidan Runji da Madarunfa saboda ƴan bindiga.

Can, wasu ƙauyuka sun sayi bindigogi don tsaro. Sai ramuwar gayya ta ƙaru.

A Nijar, riƙe bindiga sai da takardar izini. Wanda ya ga baƙuwar bindiga, ya sanar da maigari ko jandarma.