Yadda Ake Tafiya a Jirgin Sama Mai Araha Cikin Natsuwa, Ba Tare da Asara Ba

Tun da kamfanin Southwest ya fara jigilar mutane tsakanin biranen Dallas da Houston da San Antonio na Amurka a shekarar 1971, a kan kuɗin da bai kai na sauran kamfanoni ba, wata sabuwar al'ada ta shigo sha'anin sufurin sama, wadda Ryanair na ƙasar Ailan da easyJet na Ingila suka watsa a Turai, sa'an nan Air Arabia na Sharja, da flydubai, da flynas da flyadeal na Saudiyya suka kai ta ƙasashen Larabawa, har ya zamana a yau ɗalibinmu da ke neman ilmi a Turai, da falken da ke sarin kaya a Dubai, da mai Umra da ke son tsallakawa daga Riyad zuwa Jidda, da wuya ɗayansu ya kammala safararsa bai shiga irin wannan jirgi ba.

Ya kamata mai karatu ya san asalin arahar tun da fari. Waɗannan kamfanoni suna ƙarƙashin ƙa'idojin kiyaye lafiyar jirgi iri ɗaya da manyan kamfanoni, saboda haka ba ta nan suke rage kuɗi ba. Hikimarsu ita ce, galibi su riƙe jirgi iri guda don gyara da horon matuƙa su zo da sauƙi, su matse kujeru har Boeing 737-800 na Ryanair ya ɗauki mutum 189, su taƙaita zaman jirgi a ƙasa zuwa abin da bai fi rabin awa ba, su kuma ware kowace hidima da farashinta. Wanda ya saba shiga mota a tasha, inda kuɗin mutum daban, na buhunsa daban, ya riga ya fahimci tsarin. Tikitin, kujera kaɗai ya saya maka. Sauran abubuwa kuwa sai da tadbiri.

Mataki na farko: yin hisabi

Kafin ka taɓa katin bankinka, ka ɗauki alƙalami ka rubuta dukan abin da tafiyar za ta ci tun daga ƙofar masaukinka har ƙofar inda ka nufa: kuɗin tikiti, da na akwati, da na zaɓen kujera idan akwai bukata, da na motar zuwa filin jirgi da ta barinsa, da na abinci. A ƙaddara ka ga tikitin yuro 20. In ka ɗora masa akwati na yuro 35, da kujera ta yuro 10, da motar yuro 17 a kowane ɓangare, ka tashi a kan yuro 99, alhali kuwa ta yiwu wani babban kamfani yana sayar da nasa a kan yuro 95 tare da akwati a ciki. Jimla ake gwadawa da jimla, kuma wanda ya tsallake wannan mataki, duk dabarar da ya yi daga baya gyaran ɓarna ce.

Mataki na biyu: sanin filin da za ka sauka

Sunan birnin da ke kan tikiti ba koyaushe yake nufin birnin kansa ba, domin ƙananan filaye sun fi sauƙin haraji, kamfanonin kuma can suka fi karkata. Filin Beauvais, wanda ake jingina wa Paris, yana da nisan kilomita wajen 85 daga cikin birnin. Na Hahn kuwa, da aka daɗe ana laƙaba masa sunan Frankfurt, ya kai kilomita 120. Haka nan wanda ya nufi kasuwannin Dubai a jirgin Air Arabia, a Sharja zai sauka, sai ya lissafa da kuɗin mota da cunkoson hanya. Ka duba taswira, ka bincika lokacin da motar ƙarshe take barin filin, domin wanda ya sauka tsakar dare bayan ta tafi, kuɗin tasi kaɗai zai haɗiye ribar da ya yi zaton ya samu.

A nan kuma ya dace ka tambayi kanka ko jirgin sama ne ya fi dacewa. Alal misali, wanda ke Madina yana nufin Makka, in ya shiga jirgin sama a Jidda zai sauka, sauran tafiyar awa guda ko fiye a mota, ban da zaman jira da bincike. Jirgin ƙasa na Haramaini kuwa, wanda aka buɗe a 2018, yana cinye kilomita 450 da ke tsakanin biranen biyu cikin kimanin awa biyu da rabi.

Mataki na uku: zaɓen lokaci da kiyaye sauyin jirgi

Da yake jirgi guda ne ke kai da komowa tun asuba har dare, in ya makara da hantsi, makarar tana binsa tana ƙaruwa har sawun ƙarshe. Don haka jirgin sassafe ya fi cika alkawari, ko da yake yana bukatar sammako. Tsakiyar mako kuma galibi ta fi sauƙin farashi a kan ƙarshensa da ranakun hutu.

Babban haɗari yana wajen haɗa tikiti biyu da ba su da alaƙa da juna. In ka sayi ɗaya daga wannan gari zuwa wancan, ka kuma sayi wani daban don ci gaba, to, idan na farko ya makara har na biyu ya tashi, babu wanda zai ɗauki alhakinka, sai dai ka sake saye. Ƙari a kan haka, za ka karɓi akwatinka ka sake ba da shi, wannan kuwa yana nufin ratsawa ta gaban jami'an shige da fice, abin da mai fasfon Nijeriya ko Nijar ba zai iya ba sai da bizar ƙasar. In ya zama tilas, ka bar tazarar awoyi masu yawa, ka kuma tabbatar da bizarka tun kana gida.

Mataki na huɗu: sayen tikiti

Ka saya daga shafin kamfanin ko manhajarsa, domin in an sauya lokaci saƙo ya iso maka kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun dillali ba. Ka buɗe fasfo a gabanka ka kwafi sunanka harafi bayan harafi, domin Muhammadu da Mohammed da Muhammad suna ɗaya ne a bakinmu, amma uku ne a wurin na'ura, gyaran suna bayan saye kuwa yakan yi tsada ƙwarai. Za a yi ta bijiro maka da inshora, da hayar mota, da shiga jirgi kafin kowa. Ka karanta kowane shafi a tsanake, ka bar abin da ba ya cikin hisabinka. Akwati kuwa a wannan zama za ka biya masa, saboda farashinsa a intanet ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan na filin jirgi.

Mataki na biyar: haɗa kaya

Abin da galibin waɗannan kamfanoni ke yarda da shi kyauta a Turai shi ne ƙaramar jaka guda wadda za ta shige ƙarƙashin kujerar da ke gabanka, tsawonta wajen santimita 40. Na ƙasashen Larabawa sukan ba da kimanin kilo 7. Ma'aunin yana sauyawa, saboda haka ka karanta shi a ranar saye, ka kuma gwada jakarka da igiyar awon tela bayan ka cika ta, tare da tayoyinta da mariƙinta. A bakin ƙofar shiga akwai wani kejin ƙarfe da ake cusa jaka a ciki. Za ka ga mutum ya durƙusa yana danna ta da gwiwa, yana zaro riga yana ɗorawa a kan riga, layi na kallonsa, ƙarshe ya biya tara ninkin abin da ya guje wa. Ƙaramin sikelin rataye, wanda ba ya cin wuri a aljihu, yana raba ka da wannan kunya.

Takalmi mai nauyi da rigar sanyi ka sa su a jiki. Magani, da takardu, da kuɗi, da batirin ajiyar caji su zauna tare da kai, domin an hana sa irin wannan batir a akwatin da ke shiga cikin ɗakin kaya. Abu mai ruwa, kamar turare da man shafawa, ƙa'idar da ta fi yaɗuwa tun 2006 ita ce kada kwalba ta wuce mililita 100. Ruwan Zamzam kuwa yana da hukuncinsa na musamman: jarka ce ta lita 5 a rufe cikin kwalinta, ba a cusa ta a akwati, kuma wajibi ne ka tambayi kamfaninka sharaɗinsa a kanta kafin ka saya.

Mataki na shida: takardar shiga jirgi

Ka yi rajistar tafiyarka ta intanet da zarar an buɗe, ka sauke takardar shiga a wayarka, ka kuma cika wayar da caji. Ryanair ya daɗe yana karɓar yuro 55 daga wanda ya zo fili bai yi wannan rajista ba, adadin da sau da yawa ya zarce kuɗin tikitin kansa. Haka kuma kamfanin yakan sharɗanta wa wanda fasfonsa ba na Tarayyar Turai ba ne ya fara biyawa ta teburinsu a duba bizarsa kafin ya shiga wurin bincike. Ka isa fili da awa biyu a hannunka. Ƙofa tana rufewa tun jirgi bai tashi ba, ba kuma a buɗe ta don magiya.

Mataki na bakwai: zaɓen kujera

Tazarar da ke tsakanin kujera da kujera a irin waɗannan jirage inci 28 ce zuwa 30, wasu kuma ba sa kwantawa baya ko kaɗan. In tafiyar awa ɗaya ce ko biyu, kuma kai kaɗai ne, ka karɓi duk inda aka ba ka, haƙurin bai taka kara ya karya ba. Amma dogon mutum a tafiyar awa huɗu, da mai iyali da ba ya son a raba shi da matarsa da 'ya'yansa, nan ne kashe kuɗi ya zama hikima. Layin ƙofar gaggawa ya fi sararin miƙe ƙafa, sai dai ba a ba yaro ko mai rauni. Saitin fiffike ya fi ƙarancin girgiza ga mai jin jiri. Bakin hanya kuwa ya fi dacewa da mai yawan tashi kama ruwa.

Mataki na takwas: guzuri, lafiyar jiki da ibada

Ba a ba da abinci kyauta, galibi har ruwan sha na kuɗi ne. Ka ci ka ƙoshi kafin ka fito, ka riƙe busasshen guzuri irin su dabino da gyaɗa da burodi, ka wuce wurin bincike da gorar da ba kome a cikinta, sa'an nan ka cika ta a ciki. Nama kuwa, ko da kilishi ne, an hana shiga da shi Tarayyar Turai daga waje. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, don haka ka riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ka motsa ƙafafunka, ka ajiye mayafi ko rigar sanyi kusa, tun da ba za a miƙo maka bargo ba. Lokacin sauka, haɗiyar yawu da tauna suna buɗe kunne, jariri kuma a ba shi nono.

Alwala ka yi ta a fili, inda akwai wadatar ruwa da wuri, ka kuma dubi lokutan salla tun wajen zaɓen tikiti, ka nemi fatawar malaminka game da kasaru da jam'i kafin ranar tafiya. Mai Umra da ya taso daga Riyad ko Sharja zai ratsa saitin miƙatin Ƙarnul Manazil yana sama. Ya yi wankansa ya ɗaura harami tun a ƙasa, ya jinkirta niyya zuwa kusa da miƙati, domin bayan gidan jirgi, wanda mutum ke juyawa a cikinsa da ƙyar, ba wurin ɗaura zane ba ne.

Mataki na tara: sanin haƙƙinka

Arahar tikiti ba ta zubar da haƙƙi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta wajabta wa kamfani biyan diyya ga wanda ya tashi daga ƙasashenta ya isa a makare da awa uku ko fiye: yuro 250 in tafiyar ba ta wuce kilomita 1,500 ba, har zuwa yuro 600 ga mafi nisa, sai fa in uzurin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. Ka adana takardar shiga da rasiɗin abin da ka kashe, ka rubuta takardar neman haƙƙi ga kamfanin da kanka.

Bayan wannan duka, akwai tafiyar da ba ta dace da jirgi mai araha ba, kuma sanin ta yana cikin cikar hankalin matafiyi. Dattijon da ba ya iya hawa matakala, da majinyaci, da falke mai akwati uku, da wanda ɗaurin aure ko jarrabawa ke jiransa a sa'a ƙayyadadda, ya fi musu alheri su biya babban kamfani wanda zai ɗauki nauyinsu in al'amari ya rikice. A irin halinsu ne maganar magabata take tabbata, cewa araha ba ta ado. Amma lafiyayyen mutum mai jaka ɗaya, wanda ya yi hisabinsa, ya san filinsa, ya auna kayansa, zai sauka lokaci ɗaya da wanda ya biya ninkin kuɗinsa, ragowar kuma ta yi masa amfani a masauki ko tsarabar iyali. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya komo da shi lafiya.