Amsoshin Tambayoyinku: Baƙi Sun Yi Sallama, Me Zan Ɗora?

Tambaya: Ni amarya ce a Gusau, gidanmu kusa da dangin maigida yake. Sau da yawa sai mun ci abinci mun wanke tukunya sannan in ji sallama, wani lokacin ma surukata ce da 'yan rakiyarta. Kafin in gama tuwo sun fara neman mayafi. Wane abinci zan riƙa yi da sauri wanda ba zai ba ni kunya ba?

Amsa: Allah ya ba ku zaman lafiya. Ki kwantar da hankalinki, gidan da baƙi ke yawan shiga gida ne da ake jin daɗin mai shi.

Kafin maganar tukunya, ki fara da tarba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ki kai ruwa, ki zauna ku gaisa, in akwai zoɓo ko fura ko soyayyiyar gyaɗa ki ajiye musu. Wannan zai riƙe su har ki sauke girki. Kuma don Allah kada ki tambayi baƙo ko zai ci abinci, domin kunya za ta sa ya ce a ƙoshe yake, balle suruka. A ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da ta zo a Alƙur'ani, da baƙi suka sauka gare shi bai tambaye su ba, sulalewa ya yi wurin iyalinsa ya dawo da gasasshen maraƙi. Ke ma ki sulale ki hura wuta.

Abin da ke cinye lokaci a girkinmu shi ne gyaran kayan miya da dafa nama ko wake. Saboda haka tun ranar da aka yi cefane ake shirya wa baƙo. Ki markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ki dafa har ruwan ya ƙone, ki soya har mai ya taso sama ya rufe shi. In kina da firji da wuta, ki raba shi a ƙananan robobi ki daskarar. In babu, ki yi kaɗan, ki riƙa ɗumamawa safe da yamma, kada ya wuce kwana 2 ko 3, kuma cokali mai ruwa kada ya shiga ciki. Bayan wannan, kada ɗakin girkinki ya rabu da busasshen kifi, ƙwai, daddawa, kuka, yaji mai daɗi, taliya da kuskus.

Da wannan ajiya, dafa-dukan taliya da kifi ba ya wuce minti 20. Kuskus ya fi shi sauri, ruwan zafi da ɗan mai da gishiri kawai yake so a rufe shi ya turaru, sai ki soya ƙwai cikin kayan miyarki ki zuba a gefe.

Amma ni, in aka ce in zaɓi guda, ɗan wake zan zaɓa. Ki sa a niƙo miki garinsa, wake da rogo, ki tankaɗe ki rufe a bokiti. Baƙi na zama ki ɗora ruwa, ki kwaɓa garin da kuka da ruwan kanwa, kada ya yi ruwa kada ya yi tauri. Ruwa na tafasa ki riƙa jefawa ƙanana, domin manya kan dahu a waje su bar gari a ciki. In ya taso sama ki ba shi 'yan mintoci ya ƙara dahuwa, ki tsame cikin ruwan sanyi, ki tace. Ki soya man gyaɗa da albasa, ki yanka tumatir da dafaffen ƙwai, ki kawo yaji a gefe kowa ya zuba daidai bakinsa. Yana cika ciki, ba ya neman nama, kuma da wuya ki ga wanda ya mayar da shi.

Ita surukarki kuwa, kada ki dafa mata Indomie, domin dattawa da yawa ba sa lissafa ta cikin abinci. Ki yi mata tuwon semo, wanda ba ya buƙatar surfe ko niƙa, ki kaɗa miyar kuka da daddawa da busasshen kifi, ki ɗiga man shanu. A cikin rabin awa kin gama.

Kada ki ɗora shinkafa da wake a irin wannan lokaci, wake zai zaunar da ke. Kada kuma ki gwada sabon girkin da kika gani a waya. Ki yi wanda hannunki ya saba da shi, ki zuba a kwano mai tsabta, ki kai da kanki cikin ladabi.

A cefanen wannan makon, ki fara da garin ɗan wake da busasshen kifi. Allah ya yi wa gidanki albarka.