Karatun Halayyar Ɗan Adam a Jami'a: Freud da Nafsu Uku

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ƴan'uwa musulmi, ƴaƴanmu masu karatun halayyar ɗan Adam a jami'a ba makawa su gamu da Sigmund Freud, likitan ƙasar Ostiriya. A 1923 ya kasa ran mutum uku: sha'awa makauniya, da hankali mai sasantawa, da mai tsawatarwa daga ciki.

Ɗalibi yakan zo da murna, ya ce ai su ne nafsu ammara da mutma'inna da lawwama. To, a yi hattara. Wajen Freud ukun nan tare suke cikin kowa, suna ja-in-ja har mutuwa, mai tsawatarwar kuwa muryar iyaye ce da yaro ya haɗiye. Malamanmu, irin su Imamu Gazali, matakai suka ɗauki nafsu, waɗanda bawa ke hawa da mujahada. Balle ma a 1927 Freud ya kira addini ruɗi.

Duk da haka kada uba ya cire ɗansa daga fannin, domin masu ciwon damuwa na bukatar masana musulmi. Malik Badri, mutumin Sudan, sai da ya ƙware a cikinsa kana ya yi wa Freud raddi a 1979. In ɗalibi ya zo hutu, a zaunar da shi gaban malami ya karanta Ihya'u.