Kukan Takardar Wuta Kada Ya Tsaya a Majalisa

Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, kowace majalisa hirarta ɗaya: tsadar kaya tun cire tallafin mai a 2023, da takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi. Jama'a, ƙorafi a teburin mai shayi ba ya rage ko kwabo. Idan kuɗin ya zarce wutar da kuka sha, ku rubuta koke zuwa ofishin Kaduna Electric da lambar asusunku, a buga wa kwafinku hatimi, ku adana rasit. In an yi shiru, ku kai maganar gaban NERC, hukumar kula da wutar lantarki. Ku nemi mita, kada ku ba kowa na goro. 'Yan unguwa su haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.