Shekarun Taya Sun Fi Zanenta Muhimmanci: Darasi Daga Kan Iyakar Jibiya

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya ya san tsofaffin motocin da suka yi shekaru suna jigilar mutane da kaya a wannan yanki, musamman Fijo 504 wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Akwai kuma 'yar ƙaramar Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, kuma har yau ana samun masu riƙe da ita kamar kayan gado. Matsalar mai irin wannan mota ita ce taya. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Saboda haka kasuwa ta cika da tayoyin waje, ciki har da na gwanjo waɗanda aka daɗe ana saukewa a Kwatano, su bi ta Maraɗi su ƙetaro iyaka, duk da cewa dokar Nijeriya ta hana shigo da tayar da aka yi amfani da ita.

Mai saye yakan duba zurfin zanen taya, in ya ga bai cinye ba sai ya ce ya yi dace. A nan ne kuskuren yake, kuma ilmin halittu ne zai bayyana dalili.

Asalin roba wani farin ruwa ne mai kama da madara da ake tatsa daga jikin bishiyar da masana ke kira Hevea brasiliensis. Mahaifarta dazuzzukan Amazon ne, amma ana nomanta a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Wannan danƙo haɗe yake da dogayen ƙwayoyi masu kama da zare. In an bar shi haka, yakan yi laushi da zafi, ya sandare da sanyi. A 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa danƙo da farar wuta, zarurrukan sukan ƙulle da juna, robar ta yi ƙarfi amma ta ci gaba da miƙewa. Tayar zamani ta ƙunshi wannan roba, da wata da ake sarrafawa daga man fetur, da baƙin garin gawayi, da wayoyin ƙarfe.

To amma ƙullin nan ba ya dawwama. Iskar oksijin da hasken rana suna cin robar sannu a hankali, ta bushe, ta fara tsagewa a gefe kamar faso a ƙafa lokacin hunturu. Zafi kuwa yana hanzarta wannan aiki, kuma a Jibiya zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, balle a kan kwalta. Ke nan taya tana tsufa ko da tana jingine a shago ba ta taɓa hawa titi ba. Tsohuwar motar da ba a cika fita da ita ba ta fi shiga wannan haɗari, domin zanen tayarta ba ya cinyewa, sai mai ita ya ɗauka lafiya lau take, har ranar da za ta fashe ana cikin gudu.

Sa'ar da aka yi ita ce kowace taya tana ɗauke da takardar haihuwarta. A gefenta akwai jerin haruffa da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku aka gani, an ƙera ta kafin 2000, ba ta da sauran amfani sai a wajen masu yanka takalma da gugar rijiya. Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara da zarar ta kai shekara biyar ana aiki da ita, a sauya ta in ta kai goma, ko da ba ta nuna alamar lalacewa ba. Tayar gwanjo ta riga ta ci wani ɓangare na wannan wa'adi a ƙasar wasu, don haka arharta ba arha ba ce. Sabuwa mai matsakaicin farashi ta fi ta.

Sai kuma girma. Wilin Beetle inci 15 ne, kuma siririyar taya irin 165R15 ce ta dace da ita. Faffaɗa tana sa sitiyari nauyi. A kuma nemi kalmar TEMPERATURE: harafin A ya fi B da C jure zafi. Tayar da ke da hoton ƙanƙara an yi ta ne don hunturun Turai, robarta mai laushi ce, kwaltarmu takan cinye ta da sauri.

Malamai za su iya gwada wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A samo robar ɗaure kuɗi guda biyu, a miƙe ɗaya a jikin ƙusoshi a rana, a ɓoye ɗaya a cikin akwati. Bayan mako uku ɗalibai su ja kowace, su rubuta wadda ta fara tsinkewa da irin tsagar da suka gani a jikinta.